Daren da Kwamfuta Ta Tuɓe wa Shugaba Alhajinsa

A Cirozerin, garin gawayi da ke arewa da Agadas, akwai wata ƙungiyar taimakon juna da ba za a faɗi sunanta ba, don ƙurar ba ta gama kwantawa ba. Ƴaƴanta masu lambun albasa ne da direbobi da tsofaffin ma'aikatan ma'adinai, wasunsu sun dawo gida ne bayan an rufe ramin Cominak na Akuta ranar 31 ga Maris 2021. Kowa jikka ɗaya ta sefa yake zubawa duk wata, saboda ranar biki ko rasuwa ko jinya. Shekara da shekaru rajista mai baƙin bango ce ke riƙe da lissafi, har wani saurayi ya dawo daga karatu a Yamai da kwamfutar tafi-da-gidanka mai Ubuntu, ya ce rajista ta zama kayan tarihi. Daga ranar aka laƙaba masa Injiniya. Ya roƙi kada a ambaci sunansa na yanka, kuma da yake rawani ɗaya suke naɗawa shi da mai wannan rubutu, an karɓi roƙonsa.

Abin da ya rubuta bai kai layi goma ba. Irin jerin umarnin nan ne da ake miƙa wa bash, manhajar da Brian Fox ya fitar a 1989, wadda ke karɓar umarni a baƙin allon Linux tana cika su ɗaya bayan ɗaya. Aikin shi ne a karanta sunayen ƙungiya layi-layi. Kowane layi yana farawa da adadin watannin da ake bin mutum, sai waƙafi, sai sunansa. In adadin sifili ne, a nuna sunan a bi shi da BIYA. In ya haura sifili, a bi shi da BASHI. Tsakanin suna da suna ya sa a dakata daƙiƙa uku, don kowa ya ga nasa da kyau. Ya gwada da sunayen da ya buga da hannunsa, komai ya fito tsaf. Jerin gaskiya kuwa sai da la'asar ɗin ranar taro sakatare ya miƙo masa a kile, bayan ya buga shi a Notepad a wata kwamfuta mai Windows. Injiniya ya kwafa, ya rufe, ya fita neman ralonj.

Bayan sallar Isha'i aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan ma'aji, aka haska majigin aro a farin bango. Shayi na kan wuta, mata na gefe guda. Da yake ba kowa ke karanta boko ba, kuma cikin masu karantawar ma idanun wasu sun gaji, sai aka tsayar da wani ɗan lakwal mai murya, aka ce duk abin da ya fito a bango ya karanta da ƙarfi.

Shugaba ya miƙe. Dattijo ne mai kwarjini, ya sauke farali, kuma ba ya son a kira sunansa ba a fara da shaidar hakan ba. Ya yi dogon jawabi a kan amana. Ya ce zamanin rufa-rufa ya wuce, inji ba shi da ɗan'uwa, ba shi da suruki, ba ya ƙarya, ba ya jin nauyin kowa. Duk wanda ya ga BASHI kusa da sunansa a bangon nan, ya kuka da kansa. Sannan ya miƙa hannu yana nuna bangon, ya ce, "Injiniya, bismillah."

Injiniya ya danna.

Sunan shugaba ne a kan gaba. A ce Alhaji Wane. Da manyan haruffa farare, kowanne ya kai tafin hannu, bango ya nuna BASHI Wane. Babu Alhaji. Ba ture shi gefe aka yi ba, ba gutsure shi aka yi ba, babu shi ne ɗungurungum, kuma a daidai gurbinsa kalmar ta zauna daram. Ɗan lakwal ya cika ƙirji da iska, ya ɗaga haɓa yadda aka koya masa a aji, ya ce, "Bashi Wane!"

Wurin ya yi tsit. Mai shayi ya riga ya ɗaga buta sama don kumfa ta tashi, sai hannunsa ya tsaya cak a can, shayi yana ta zuba, kofi ya cika ya batse ya bi faranti. Hannun shugaba bai sauko ba, yana nan a miƙe yana nuna bango, ga duk mai kallo kamar shi ne yake gabatar da sabon sunansa. Ɗan lakwal da ya ga babu wanda ya amsa, sai ya ɗauka muryarsa ce ba ta kai baya ba. Ya gyara tsayuwa, ya ja wasali, ya sake cewa, "Baashii Wane!"

Daƙiƙa uku ba wani lokaci ba ne. Injiniya da kansa ya zaɓi ukun, har yana tunanin ko ta yi kaɗan. Tun daren nan yake maimaita su a zuci, yana kwance, yana alwala, yana tsaka da cin abinci, kuma kullum tsawo suke ƙarawa. A cikinsu ya ga ma'aji ya sunkuyar da kai yana nazarin saƙar tabarma. Ya ga sakatare ya ja rawani ya rufe har hanci. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne wani mutum can baya da dariya ta kubce masa, ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari, ta ƙi, ta fito wani abu tsakanin biyun, har maƙwabcinsa ya ce masa sannu.

Shi kuwa inji bai tsaya ba, tunda ba wanda ya ce ya tsaya. Yatsun Injiniya suna kan madannai amma sun manta aikinsu. Suna na biyu ya fito, wani Alhajin da ya biya kuɗinsa cif, ya zama BIYAi Wane. Wata Hajiya ta zama BIYAa Wance. Malamai suka rasa malantarsu, limamin unguwa ma bai tsira ba. Masu gajeren suna, harafi uku ko huɗu, suka ɓace baki ɗaya, sai hukuncinsu kawai ke tsaye a bango babu mai shi. Ɗan lakwal yana bi yana karantawa tsakaninsa da Allah, ba ya tsallake ko ɗaya, har da jan "Biyaa" ɗin Hajiya.

Da ƙyar Injiniya ya tuna Ctrl da C, ya tsayar da abin. Shugaba ya sauke hannu a hankali.

"Ɗana, wa ya ce a cire?"

"A cire me, ranka ya daɗe?"

"Ka san abin da aka cire. Da jirgi na je, daga Yamai, da kuɗin albasata. Ba wanda ya biya mini."

Masu lura sun lura cewa shugaba bai yi gardamar kalmar da aka sa ba, wadda aka cire kawai yake nema. Dalili kuwa ma'aji ya san shi, shi ya sa tabarma ta zame masa abin kallo. Wata uku ake bin shugaba, ya manta, kuma ba a sami mai ƙarfin halin tuna masa ba.

A nan ne Baba ya taso. Tsohon makanike ne, ya yi aiki a Arlit tun lokacin da ake shimfiɗa hanyar yuraniyom daga Tawa a ƙarshen shekarun 1970, kuma a ganinsa duk abin da ke ƙara ko ke ɗaukar zafi inji ne, duk inji kuma ɗan gidansu ne. Ya tsallake ƙafafun mutane, ya durƙusa kusa da kwamfuta, ya kara kunne a jikinta.

"Ƙura ce," in ji shi. "Duk injin da ya yi ƙarya a ƙasar nan, ka bincika, ƙura ce. Matsa, yaro." Ya kumbura kumatu ya hura madannai sau biyu, ya kalli bango. BASHI Wane na nan.

Bai karaya ba. Ya ce to kuran ne. Ya juya ga jama'a ya yi musu bayani dalla-dalla. Ga ramin gawayin Anu Araren nan kusa, ga tashar Sonichar da aka kafa kamfaninta a 1975, ta fara ba da wuta a 1981, injuna biyu, kowanne megawat 18.8. Daga nan wutar ke tafiya Arlit, daga nan take tafiya Agadas. Har nan dai babu kuskure a maganarsa. Sai ya ɗora nasa: kafin ta kai Agadas ta sha iska a hanya ta huce, amma mutanen Cirozerin a bakin tukunya suke, da zafinsa kuran ke shigo musu. Kwamfutar da ta saba da kuran ɗin Yamai dole kanta ya juya. Maganinsa a ƙara tsawon waya, wuta ta ɗan yi tafiya kafin ta iso. Aka sami wanda ya ruga gida ya kawo ralonj na biyu, aka jona. Wasu dattawa suka gyaɗa kai, don maganar ta shiga hankali.

Shawara ta uku ta fi samun magoya baya. Baba ya ce Alhajin bai tafi ko'ina ba, bangon ne ya yi masa kaɗan, ya faɗa ta hagu. A karkato majigi. Aka karkato, aka cusa takalmi a ƙarƙashinsa, hoto ya matsa dama, BASHI ya matsa tare da shi. Wani saurayi har ya leƙa kusurwar bangon da tocila. Baba ya dubi wannan sakamako, ya ce to ai magana ta fito: injin ƙirar Turawa ne, bai san Alhaji da rubutun Hausa ba, a rubuta masa Elhadj yadda ake sa wa a takardun gwamnati. Sai daga baya Injiniya ya ƙirga, ya ga shi ma harafi shida ne, da an gwada da abin da zai faru ke nan.

Shi Injiniya gumi ya gama jiƙa masa riga. So yake ya nuna wa jama'a sunayensu na nan lafiya, matsalar nunawa ce kawai. Ya kwashe sunayen duka ya zuba a mazubi guda da ya kira sunaye, ya rubuta echo $sunaye, cikin sauri ya manta alamomin zance biyu da ya kamata su rungume shi. Duk wanda ya taɓa rubuta wa bash umarni ya san hukuncin wannan mantuwa. In babu alamomin, bash yana daddatsa abin da ke ciki a duk inda ya tarar da tazara ko ƙarshen layi, echo kuma ya jera guntayen a layi ɗaya. Da wani fayil ne, da an ga sunaye fiye da saba'in sun dunƙule sun zama doguwar jimla. Wannan fayil ɗin kuwa nasa ya fi haka. Bango ya yi ƙyaf, sai ga layi ɗaya tak, gajere. Ƙungiya duka ta koma mutum ɗaya. Sunan da ke ƙarshen jeri ne ya hau kan sauran, da wutsiyar wani dogon suna tana leƙowa a bayansa.

Sunan Baba ne, don shi ne ya shiga ƙungiya daga ƙarshe. Ɗan lakwal ya karanta shi har da wutsiyar.

"Kun gani?" in ji Baba. "Ya fara dawowa hayyacinsa. Ya gane wanda ke yi masa magani."

Injiniya ya koma kan umarninsa na farko. Ya tuna a makaranta akwai \n da ake sawa in ana son sabon layi, sai ya cusa ta tsakanin suna da hukunci, ya sake dannawa. Abin da bai tuna ba shi ne echo ba hali ɗaya gare shi ba. A Ubuntu, tun 2006, in ka kira sh manhajar dash ce ke amsawa, kuma echo ɗinta yana fassara \n ya sauka layi. Na bash kuwa, in ba ka ƙara masa -e ba, buga ta yake yi yadda ka rubuta. Saboda wannan saɓanin ne ƙa'idar POSIX ta ba da shawarar a riƙa amfani da printf. Darasin ya zo wa Injiniya a bango, gaban jama'a: harafi biyu suka ƙaru, abin da ke cin suna ya tashi daga shida ya koma takwas, ya haɗiye Alhaji, ya haɗiye tazara, ya ciji harafin farko na sunan yanka. Shugaba ya zama \n BASHIane.

Ɗan lakwal ya buɗe baki. Ma'aji ya kama shi ta riga ya zaunar.

Daga gefen mata wata murya ta taso. Hajiyar nan ce da aka mayar Biyaa, wadda ta yi shekaru tana buga tafireta a wani ofis a Arlit. "Ɗan nan," ta ce, "injinka keke yake mayarwa bai juya takarda ba. Mu in muka yi haka, sai haruffa su hau kan juna, shugaban ofis ya sa a sake bugawa." Baba ya ce wannan maganar mata ce, kwamfuta ba ta da keke. Ya karɓi mafici a hannun wani ya shiga yi wa injin fifita.

Hajiya ce ta faɗi gaskiya, kuma gaskiyar ta girmi duk wata kwamfuta. A tafireta, fara sabon layi aiki biyu ne da hannu ɗaya ke yi: a mayar da keke farkon layi, a kuma murza takarda ta hau mataki ɗaya. Da aka zo kan injunan aika saƙo ta waya, sai aka ba kowane aiki alamarsa. Tsarin ASCII na 1963 ya ba komawa farkon layi lamba 13, masu sana'ar suna ce mata CR, ya ba sauka ƙasa lamba 10, wato LF. Injin Teletype samfuri na 33, wanda ya fito a shekarar, harafi goma yake bugawa a daƙiƙa, kuma kan bugunsa ba ya iya komawa daga dama zuwa hagu cikin lokacin harafi ɗaya. Shi ya sa ake fara aika CR, a bi ta da LF, kan ya samu ya ƙarasa tafiya kafin harafi na gaba ya iso.

Injunan sun mutu, al'adar ta rabu gida uku. Unix, da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a 1969, ya ce LF kaɗai ta isa a fayil, in za a nuna a allo shi zai ƙara komawar da kansa, kuma Linux na 1991 wannan ya gada. CP/M na Gary Kildall ya riƙe duka biyun, MS-DOS na 1981 ya bi shi, Windows ta gaje su. Apple ya zauna a kan CR kaɗai har zuwan Mac OS X a 2001. Notepad bai iya nuna fayil mai LF kaɗai yadda ya kamata ba sai 2018. Har gobe kuma ƙa'idojin aika imel da na kiran shafukan intanet alamomin biyu suke nema. Sakatare bai yi laifin komai ba. Ya buga suna ya danna sabon layi, injinsa ya sa alama biyu yadda aka saba a gidansu.

Da fayil ɗin ya shigo Linux, umarnin read ya yanke kowane layi a kan LF, ya bar CR manne da abin da ya zo ƙarshe. Adadin watanni na gaba, ya fita da tsabta, shi ya sa lissafin bai yi kuskure ko ɗaya ba. Suna ne a ƙarshe, shi ya kwashi alamar da ido ba ya gani. Wanda ya taɓa tsayawa a lambunan Abzin ya ga raƙumin da ke jan guga: ya tafi har ƙarshen turbarsa, a juyo da shi bakin rijiya, ya sake bin turbar yana take sawun da ya bari. Haka alƙalamin allo ya yi. Ya rubuta Alhaji Wane, ya tarar da CR, ya koma farkon layin, ya ci gaba da abin da ya rage. Abin da ya rage tazara ɗaya ce da BASHI, gurbi shida. Alhaji harafi shida. Hajiya shida. Tazara da BIYA biyar ne, shi ya sa harafi ɗaya ya tsira wa waɗanda suka biya.

Maganar keke ce ta buɗe wa Injiniya kai. Ya rubuta cat -A ya ba shi sunan fayil, umarnin da ke tona duk alamar da ke ɓoye. Sunaye suka zubo cikakku, kowanne da girmansa, kowanne da ^M$ a gindinsa. Wannan ^M ita ce CR. Murna ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya yi magana kafin ya auna. Ya miƙe tsaye, ya juya ga shugaba, ya ɗaga murya yadda har na bayan katanga za su ji:

"Ranka ya daɗe, ba a cire ba! Alhajinku yana nan, a ƙarƙashin bashin yake!"

Mutumin nan na baya bai ƙara wahalar da kansa da tari ba. Ya saki abarsa, wurin ya ɗauka, mata suka rufe fuska da mayafi kafaɗu na rawa, mai shayi ya ajiye buta ya kifa kai a gwiwa. Liman ya yi ta cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri, amma gemunsa ma motsi yake. A fannin kwamfuta maganar Injiniya ba ta da aibi ko kaɗan: da an tura abin da umarnin ya fitar cikin fayil maimakon allo, da an tarar da Alhaji a wurinsa, rufe shi kawai aka yi. Wannan bayanin ya yi ta shirya shi a ransa, bai sami inda zai sa shi ba.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Akwai dos2unix da aka yi don wannan aikin, amma babu shi a kwamfutar, kuma ba daren neman intanet ba ne. Ya yi amfani da tr -d '\r', wanda ke tare da kowane Linux, ya tace fayil ɗin ya zuba a sabo, ya cire \n ɗin da ya cusa. Duk wannan lokaci Baba bai daina fifita ba. Injiniya ya danna, layin farko ya fito tar, babu abin da ya hau kan wani:

Alhaji Wane BASHI.

Sai a lokacin Injiniya ya gane abin da ya gyara. Ɗazu shugaba yana da mafaka, inji ya haukace, kowa ya shaida, wanda ya ci Alhaji zai iya ƙaga bashi. Yanzu inji ya warke a gaban kowa, ya mayar masa da girmansa cikakke, ya kuma ajiye ɗayar kalmar a gefensa yadda jawabin buɗe taro ya yi alkawari. Ɗan lakwal ya kuɓuce daga hannun ma'aji, ya karanta layin da ladabi, harafi-harafi.

Baba ya ajiye mafici, ya share goshi. "Zafi ne," in ji shi. "Tun farko na faɗa."

Aka bar sunayen suka gudana har ƙarshe, kusan kowa ya ji nasa. Shugaba ya sa hannu a aljihu ya ƙirgo jikka uku ya ajiye gaban ma'aji, bai kalli kowa ba, ya ce liman ya rufe da addu'a, gajeriya. Washegari Injiniya ya je gaishe shi, aka ce yana lambu. Ya je lambu, aka ce ya tafi Agadas. A tashar mota kuwa yaran direbobi sun sami sabuwar magana: duk wanda ya nemi abinsa ya rasa, ko sifana ko canji, sai a ce masa ya duba ƙarƙashin bashi.

Saura abu ɗaya da ba wanda ya lura da shi a daren, sai mutum ɗaya, shi kuma bai ce uffan ba. A ƙa'idar POSIX, layi ba ya cika layi sai ya ƙare da LF. Notepad ba ya ƙara ta da kansa, kuma sakatare da ya buga sunan ƙarshe bai danna sabon layi ba, ajiyewa kawai ya yi. Idan read ya kai ƙarshen fayil bai tarar da LF ba, yana karanta abin da ya samu amma ya ba da rahoton gazawa, sai zagayen while, mai bin layukan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya bai yi aiki da wannan layin ba. Alamar ta fito a bango lokacin cat -A, layin ƙarshe shi kaɗai ba shi da ^M$, murna ce ta hana Injiniya gani. Maganin ɗan ƙari ne a bayan read, || [ -n "$suna" ], wato ko an ce an gaza, in akwai suna a hannu a yi aiki da shi.

Sunan ƙarshe dai na Baba ne, kuma adadin da ke gabansa bakwai ne. Bai fito da BIYA ba, bai fito da BASHI ba, bai fito ba sam. Injiniya ya gano haka, ya san gyaran, amma har yanzu bai sa shi ba, don a duk dattawan ƙungiya Baba kaɗai ke amsa gaisuwarsa da fara'a, har yana tambayar lafiyar injin. Ma'aji ya je da rajista ya nuna wa Baba wata bakwai a rubuce da biro. Baba ya ce rajista kayan tarihi ce, inji kuwa ba ya ƙarya, shugaba ne ya faɗa da bakinsa gaban shaidu. Har ranar da aka rubuta wannan, bai biya ko dala ba.